Kambi, Rawani da Wasu Kalmomin Turanci Masu Ruɗi

Ɗalibin da ke karanta jaridun Turanci a Haɗeja ba zai rasa cin karo da waɗannan kalmomi ba: crown, coronation, coronet, coroner, corona. 'Yan gida ɗaya ne, domin duk daga kalmar Latin mai nufin kambi suka fito, sai dai kowacce da aikinta.

Crown shi ne kambin da sarkin Ingila ke sawa a ka, kuma da wannan suna ake kiran gadon mulkin kansa. Coronation kuwa bikin ɗora kambin ne, irin wanda aka yi wa Sarki Charles na Uku a cocin Westminster ranar 6 ga Mayu, 2023. A nan ne 'yan jarida ke yawan tuntuɓe. Da an yi sabon sarki a ƙasar Hausa sai su rubuta coronation, alhali mu ba mu gaji kambi ba. Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya gaji mahaifinsa a 2002, rawani da alkyabba ne kayan sarautarsa, sandar mulki kuma gwamna ne ke miƙa ta. Saboda haka turbaning, wato naɗin rawani, ita ce ta dace da mu, ko Galadima za a naɗa ko Ciroma. Abin yana damuna, domin baƙon da ya karanta coronation fadar wasu zai hango a ransa, ba tamu ba.

Coronet ƙaramin kambi ne na manyan masu sarautar Ingila da ke ƙasa da sarki.

Coroner ta fi ruɗar mutane, don babu ruwanta da naɗi. Jami'i ne mai binciken mutuwar farat ɗaya ko wadda ake shakkar sanadinta. An kafa muƙamin a Ingila a 1194 domin kula da haƙƙoƙin gadon mulki, daga nan ya samo sunan. A Najeriya majistare ne kan riƙe wannan aiki, kuma mutuwar nutsewa, irin ta kifewar kwale-kwale lokacin da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, tana cikin abin da yake da hurumin bincika.

Ita kuwa corona, tun 2020 kowa ya san ta. Masana sun raɗa wa ƙwayar cutar wannan suna ne saboda ƙayoyin da ke kewaye da ita, masu siffar kambi idan an duba ta a na'urar ƙara girman abu.