Taki Kafin Santimita

"Mita ɗaya, santimita ɗari!" Duk wanda ya taɓa gilmawa ta bayan ajin firamare da hantsi ya san wannan amo. Amma miƙa wa ɗaya daga cikin masu rerawar igiya, ka ce ya yanko maka mita guda, sai ya yi tsuru-tsuru. Ya haddace sunan, tsawon kuwa bai taɓa shiga hannunsa ba.

Abin da ke damuna shi ne, yaron nan a cikin awo ya tashi. Ya ga ana auna gero da tiya, ya ji innarsa na cewa turmin atamfa yadi shida ne, ya ga kakansa na auna igiyar guga da gaba, sawaye da kamu, gona da taki. Daga nan ya kamata darasi ya soma.

Malam ya sa yara uku su auna faɗin aji da takinsu. Dogo zai ce goma sha biyu, gajere ya rantse goma sha biyar ne. Kada malam ya yi saurin raba gardamar, domin ita ce darasin. A bar su har wani ya ce, "To, a samo kara ɗaya kowa ya auna da shi." Irin wannan rigima ce ta addabi Faransa, inda kusan kowane gari ke da ma'auninsa, har a 1791 aka amince a tsayar da mita a kan kashi ɗaya cikin miliyan goma na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu. Yaron da ya nemi karan nan da bakinsa ya riga ya san amfanin rula kafin a ba shi. Idan an ba shi kuma, a lura: da yawa daga 1 suke fara ƙirga, su bar sifili.

Sai an yi haƙuri da su. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yaron da bai kai kimanin shekara bakwai ba, idan ka juye ruwa daga kwano zuwa doguwar kwalba a gabansa, yakan ce ruwan ya ƙaru. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma bulala ba ta magance shi. A ba shi yashi da gwangwanaye, ya yi ta juyawa da kansa.

Siffofi ma suna nan birjik: faifai da'ira ne, bulo na da fuska shida. Sai dai a riƙa jujjuya musu abin, don yaron da kullum a zaune ɗaya yake ganin murabba'i a allo, ranar da aka karkata shi cewa zai yi ba shi ba ne.

Idan ana gini kusa da makaranta, a kai 'yan aji uku su ga yadda magini ke fitar da kusurwa: ƙafa uku ta nan, huɗu ta can, tsakaninsu biyar. Su dawo fili da igiya da turaku uku su gwada nasu.