"A Jininsu Yake": Me Binciken Ƙwayoyin Gado Ya Ce Game da Taɓin Hankali?

Duk wanda ya taɓa shiga hidimar neman aure a ƙasar Gumel ya san matakin da ake kira bincike. Bayan an kai gaisuwa, sai iyaye su tura wani amintacce ya bi diddigin gidan: su waye, daga ina suka zo, akwai ɓarawo a dangi, akwai kuturta, akwai hauka? Tambayar ƙarshen nan ita ce mai yanke magana. Da zarar ɗan aike ya dawo daga Gagarawa ko wani ƙauyen Sule Tankarkar ya ce ai kakar yarinyar ta taɓa zaucewa, sai a fara noƙewa. Ba za a faɗa a fili ba. Za a ce dai Allah bai yi ba, a bayan fage kuma a ce abin a jininsu yake.

Yanzu wannan tsohuwar magana ta sami sabuwar riga. Tun da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare, har jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, mutane sun saba da AA da AS da SS, sun kuma fahimci cewa in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ilimi ne mai amfani ƙwarai. Amma na sha jin 'yan boko suna ɗaukar wannan lissafi su ɗora shi a kan taɓin hankali, wai shi ma akwai ƙwayar gadonsa, Turawa sun gano ta. Ƙwayoyin da aka fi ambata kuwa su ne masu alaƙa da sinadarin sirotonin. To, bari mu bi sawun wannan magana mu ga inda ta kwana.

Sirotonin ɗan aike ne tsakanin jijiyoyi. A 1948 wasu masana uku, Rapport da Green da Page, suka tace shi daga jini a birnin Kilibland na Amurka. Abin mamaki, kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda ke jikin mutum a hanji yake, ɗan abin da ke ƙwaƙwalwa kuwa yana da hannu a barci, da cin abinci, da fushi, da walwala. Amma ɗan aike ba ya isar da saƙo sai an karɓe shi a zaure. Waɗannan zauruka, wato makarɓan sirotonin da ke jikin jijiyoyi, iri 14 ne, kowace da ƙwayar gadon da ke tsara gininta. Ƙwayar gado kuwa kamar rubutu take, kuma akan sami bambancin harafi ɗaya tak tsakanin wani da wani. A kan wannan harafi ɗaya aka yi shekara ashirin ana cacar baki.

Cikin ƙwayoyin gadon makarɓan nan, wadda ta fi shan bincike ita ce HTR2A, kuma da dalili: magungunan taɓin hankali irin su risperidone da olanzapine suna aiki ne, a wani ɓangare, ta hanyar toshe makarɓar da take ginawa. A 1996 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike na ƙasashen Turai da ya danganta sauyin harafi ɗaya a cikinta da cutar sikizofireniya, wadda mai ita ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Aka yi ta murna. Sai wasu suka maimaita gwajin suka samu, wasu suka maimaita ba su ga komai ba. A 2003 kuma Avshalom Caspi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 847 a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, suka ce masu gajeren nau'in wata ƙwaya mai kwashe sirotonin sun fi faɗawa ciwon damuwa idan masifu suka auka musu. Wannan bayani ya yi wa kowa daɗi, domin ya haɗa gado da halin rayuwa wuri guda.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, ko da ƙaryar ba da gangan aka yi ta ba. A 2019 Richard Border da tawagarsa a Jami'ar Kolorado suka ɗauki ƙwayoyi 18 da aka fi yi wa zargin haddasa ciwon damuwa, har da HTR2A da waccan ta Caspi, suka auna su a jikin dubban ɗaruruwan mutane, wani rukunin ma ya haura 440,000. Ba su ga wata alaƙa ta a zo a gani ba. Kuskuren na baya shi ne ƙarancin mutanen da aka gwada. Wanda ya tsaya a bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga shanu goma na farko duk farare ne, in ya koma gida ya ce babu jar saniya a kasuwar, bai yi niyyar ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba.

Akwai labari ɗaya da ya fi sauran tsayuwa da ƙafarsa, kuma darasinsa ya shafe mu. A 2010 mujallar Nature ta buga binciken Laura Bevilacqua da David Goldman a kan fursunonin ƙasar Finlan masu laifin ta'adi cikin fushi. Suka tarar da wani sauyi a ƙwayar HTR2B wanda ke hana ginin makarɓar gaba ɗaya, kuma ya fi yawa a cikin fursunonin fiye da sauran jama'a. Sai dai abu biyu. Na farko, kusan duk laifuffukan masu ɗauke da shi a cikin mayen giya aka aikata su. Na biyu, 'yan Finlan sama da 100,000 na ɗauke da sauyin, mafi yawansu suna zaune lafiya da iyalansu, ba su ma san da shi ba. Busasshiyar ciyawa ce, ba ta kamawa sai an kai mata ashana. Kuma a wancan binciken, wannan sauyi a cikin 'yan Finlan kaɗai aka same shi.

Nan ne gizo ke saƙa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu jinin Turawa ne, masu jinin Afirka ba su wuce kashi biyu zuwa uku ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. A 2006 Francis McMahon ya duba majinyata 1,953 a Amurka, ya ga wani nau'in HTR2A yana tafiya da jin maganin damuwa na citalopram, amma nau'in ya ninka fiye da sau shida a farar fata idan aka kwatanta da baƙar fata. Shirin binciken ƙwayoyin gado na H3Africa, da aikin NeuroGAP a Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu, sun fara cike wannan giɓi. Kafin su yi nisa, ɗaukar sakamakon Turai a yanke wa Bamange ko Bafulatanin Maigatari hukunci da shi ganganci ne.

Ba cewa nake gado ba shi da hannu ba. Yana da shi. Binciken tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kusan kashi 37 cikin ɗari na haɗarin ciwon damuwa, a sikizofireniya kuwa kusan kashi 80. Amma ba ƙwaya ɗaya ba ce kamar sikila. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan tasirin da bai kai ƙwayar gero ba. Wani babban bincike na 2025 a kan mutum kusan miliyan biyar ya lissafa sauye-sauyen ƙwayoyin gado kusan 700 masu alaƙa da ciwon damuwa kaɗai. Kowannenmu na ɗauke da wasu daga ciki, har da ɗan aiken da aka tura bincike. Ga lissafin da ya kamata iyaye su riƙe: sikizofireniya na kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari, in uwa ko uba na da ita, haɗarin ɗa ya kai wajen ɗaya cikin goma. Wato tara cikin goma ba za su kamu da ita ba. In kaka ce, abin ya ƙara raguwa sosai. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in Hassan ya kamu, sau da yawa Husaini ba ya kamuwa.

Ashanar da ke kunna ciyawar a wajenmu kuwa ba ɓoyayya ba ce. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da kayan maye, miliyan 4.6 daga ciki da irin su tiramol da kodin. Tiramol ɗin da matashi ke haɗiya don ya ƙara ƙarfin noma ko dako, mai lamba 225 alhali likita kan ba da 50 ko 100, yana taɓa sirotonin kai tsaye. In ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, in kuma aka haɗa shi da maganin damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine yana iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa har a rasa rai. Ƙara da wiwi, da mutuwar aure, da rashin barcin mai jego, da daminar da ta ƙi. Mai bincike yakan tono labarin kakar amarya na shekara arba'in, ya manta ya tambayi abin da ango ke haɗiya da safe.

Illar tambarin da ake yi wa gida ta wuce fasa aure. Saboda tsoron kada a ce a jininsu yake, iyali kan ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki, wani lokaci da mari a ƙafa, a ce iska ce ko sammu, a yi shekaru ba a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a Kano ba, sai abin ya ci jiki. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani. Farfesa Oye Gureje ya nuna a gwajin da aka buga a 2020, a Ibadan da Kumasi, cewa in masu maganin gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya, majinyata sun fi samun sauƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince wa majinyaci da haƙƙin mutunci da magani.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda a gabansu ake ɗaura aure: ku ci gaba da neman takardar gwajin sikila, amma in aka zo muku da zancen hauka a dangi, ku tura iyayen su ji ta bakin likita kafin su mayar da kayan mutane.