Awa Nawa Ya Kamata Yaro Ya Yi Yana Kallon Waya?

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ko sabis ya ɗauke yara ba sa rasa abin kallo, domin akan kai memori shagon caji a cika ta da katun da fina-finai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa, kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaro a bakin mutane yake koyon magana, kallo kuma yana cinye lokacin wasansa da barcinsa.

Uwa mai tuƙa tuwo takan miƙa wa yaro waya don ta samu sarari, kuma uzurinta a bayyane yake. Amma iyaye, bayan isha'i a ajiye wayar, a yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.