Kiwo a Sauƙaƙe: Yaushe Ya Kamata a Yanki Ciyawa?

Yau hirar ta masu kiwo ce, musamman matasan da ke turke ragunan layya.

Bara na sayi busasshiyar kyasuwa dami-dami da araha, ina murna na yi dabara. Ragona kullum cikinsa fam, amma wata biyu ƙashin bayansa na nan a fili. Ashe laifin lokacin yanka ne.

Kun ga, ciyawa irin su kyasuwa da gamba, lokacin da take ɗanya shar, ganyenta ya fi kara yawa, kuma a ganyen ne furotin, wato sinadarin gina jiki, ya fi taruwa. A wannan matakin yakan haura kashi 10 cikin 100. Da zarar ta fitar da kai ta yi 'ya'ya, sai karan ya yi tauri, ya cika da wani sinadari mai suna lignin wanda tumbin dabba ba ya iya narkarwa. In aka bar ta ta bushe a tsaye har rani, furotin ɗin kan faɗo ƙasa da kashi 4. Su kuwa ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbi suna buƙatar kusan kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Shi ya sa dabba ke ci tana ramewa.

To yaushe za a yanka? Daidai lokacin da ta fara fitar da kai, wajen ƙarshen damina. In ka yi sauri da yawa, damin ba auki, kuma ruwa zai ruɓar da ita. Ka shanya ta kwana biyu zuwa uku, ka ɗaure, ka kai inuwa.

Harawar wake da ta gyaɗa ma haka ne. Ka ɗaure ta tana da sauran kore, da safe kafin raɓa ta bushe, don kada ganyen ya kakkaɓe. Harawar da ba ganye, ai kara ka saya.

Gargaɗi ɗaya fa: banda gyauron dawa. Sabon tohonta na ɗauke da guba mai kashe dabba.

A garinku wane wata ake yankan ciyawa? Ku faɗa mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya sa albarka a kiwo.