Ƙwan zabuwa a ƙarƙashin kaza: abin da na koya a hutun damina a Birnin Gwari

Ranar da zabuwata ta fara ɓacewa daga gida da hantsi, na ɗauka muzuru ne ya yi mini ɓarna. Goggo, yayar mahaifina, ta dube ni ta yi dariya. “Kai ɗan boko, ba abin da ya kama ta. Ƙwai ta fara. Gobe ka bi sawunta, amma kada ta gan ka.”

Haka na yi. Na laɓe a bayan rumbu har na ga ta shige cikin ciyawar da ke gefen katanga. Da ta fito na leƙa, sai ga gurbi da ƙwai shida, masu kauri, masu tsini a gefe guda. Wallahi tun da na shiga jami'a ban taɓa murnar da na yi ranar ba.

Zabin nan biyar ne, namiji ɗaya da mata huɗu, kuma ba na nishaɗi ba ne. Da ragowar kuɗin da na tara a ɗaukar hoton biki na saye su, da niyyar su taimaka mini da kuɗin rajista na shekara mai zuwa. Goggo kuwa ta san zabi tun tana yarinya. A ƙauyensu da ke kusa da dajin Kamuku, wanda ya zama gandun dajin ƙasa a 1999, kusan kowane gida na da garke, banda na daji da ke sauka gonaki. Rashin tsaro ya taso su zuwa cikin gari, suka baro zabi da awaki da rumbuna. An sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan shekaru tana rufe, harkoki sun fara motsi, amma wanda ya rasa garkensa dole daga ƙwai zai sake farawa.

Darasin farko da ta ba ni shi ne: kada ka kwashe gurbi kaf. In zabuwa ta dawo ta tarar babu komai, sai ta sauya wuri, ka koma nema. Na sa wa guda biyu alama da gawayi na bar su, kullum da yamma ina ɗauke sabbin. Ina jera su a cikin ƙwarya a ɗaki mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Ƙwan da za a ƙyanƙyashe bai kamata ya wuce mako guda a ajiye ba, kuma ba a wanke shi, domin ruwa na cire wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ɓawo.

Darasi na biyu shi ne zabuwa ba ta iya reno. Tana saka ƙwai da yawa a damina, amma ba ta cika zama a kansu ba. In ma ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa da sassafe, sanyi ya kashe su, shirwa ta ɗauke saura. Shi ya sa mutanenmu ke ba kaza aikin. Muka jira har wata jar kazar Goggo ta fara kwanci, muka ɗauke nata ƙwan da daddare, muka sa mata na zabi goma sha biyu. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28. Saboda haka sai an zaɓi kaza mai haƙuri, a ajiye mata ruwa da hatsi kusa, a yayyafa toka a akurki saboda ƙwarƙwata, kada ta gaji ta tashi.

Ni kuma ɗan zamani, sai na ce bari in gwada tawa dabarar. Na haɗa akwatin kwali da ƙwan fitila da ma'aunin zafi, na sa ƙwai goma a ciki. Abin da ake bukata shi ne zafi ya tsaya a kusan digiri 37.5, a ajiye ɗan kwano da ruwa domin danshi, a riƙa juya ƙwan aƙalla sau uku a rana, a daina juyawa in ya rage kwana uku. A kwana na goma na haska su da tocilar waya a cikin duhu. Ɓawon ƙwan zabuwa na da kauri, sai ka ƙura ido, amma na ga jijiyoyi ja kamar saiwar ciyawa a guda bakwai. Na kira Goggo ta gani, ta ce, “Ikon Allah!”

A kwana na goma sha shida aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Na yi ta sa kwalaben ruwan zafi a cikin akwatin, zafi ya hau, ya sauka, ni ma barci ya ɗauke ni. Ƙarshenta guda biyu kacal suka fito, sauran suka zama ɓaragurbi. Kazar Goggo, wadda ba ta san wuta ba balle ma'auni, ta fito da goma cikin sha biyu. Goggo ba ta ce komai ba, illa dai ta riƙa kiran kazar “Farfesa”.

A daren da nake gadin akwatin ne na ci karo da wani abin mamaki a waya. Tsakar da mu nan muke bi da takalmi, akwai wani irinta mai zanen damisa, ɗan asalin busassun yankunan Afganistan da Pakistan da Indiya, da matasa a Amurka da Turai ke kiwo a gida. Su ma ƙwan farko na hana su barci. Biyu take sakawa a lokaci guda, kuma dokarsu kishiyar tamu ce: ba a juya ƙwan ko kaɗan. Zafin wurin ne ma ke yanke jinsi. A kusan digiri 26 yawanci mata ke fitowa, a kusan 32 kuma maza. Akwai 'yar uwarta mai kaurin wutsiya a dazukanmu na Afirka ta Yamma, da ake fitarwa waje daga ƙasashe irin su Ghana da Togo da Benin. Da na karanta wa Goggo, cewa ta yi, “To, kowa da kiwon da ya karɓe shi.”

Ƙyanƙyasa rabin aiki ce. Makonni shida na farko su ne masu haɗari. Na killace kazar da 'ya'yan a busasshen wuri, ba sa fita sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe. Ruwansu a faranti marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, don kada su nutse. Abincinsu niƙaƙƙen masara da waken suya, sai gara da nake tonowa da safe, wadda suke rububi a kanta. Na kuma nemi ma'aikacin dabbobi ya yi wa kajin gidan duka rigakafin cutar Newcastle, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke haɗawa, domin cutar kan share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman lokacin hunturu.

Cikin sha biyun, tara ne suka rayu. Sun fara zane, har na fara bambance su da kuka: mace kukanta gaɓa biyu ne, namiji gaɓa ɗaya. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma sau da yawa a watan nan na so in dafa ƙwan in huta. Ga duk matashin da ke son farawa, shawarata ita ce ya fara da kaza mai kwanci, ya bar inji sai ya samu sola da batir da zai riƙe shi dare da rana.

Mako mai zuwa zan koma makaranta. Mun yi yarjejeniya da Goggo: biyar nawa ne, za a sayar kafin rajista, huɗu nata, su zama farkon sabon garkenta. Jar kazar kuwa ta ce ko nawa aka taya ba za ta sayar ba.