Ƙwaron da Ya Kwana Cikin Dutse

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin tushen gini a Alsahafa, kudancin Khartum, ya san abin da diga ke fara cin karo da shi: baƙar laka mai dararrashewa da rani, mai ƙwace takalmi da damina. A ƙarƙashinta akwai dutsen yashi, wanda ya fito fili a tsaunukan Markhiyat bayan Omdurman da kuma Jabal Auliya. Cikin wannan dutse akan tsinci guntayen itatuwa da suka rikiɗe suka zama dutse. Koguna ne suka tara shi, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. In aka nausa arewa kamar kilomita 80, a Sabaloka inda Kogin Nilu ke kutsawa tsakanin tsaunuka, sai a tarar da dutsen da wuta ta dafa, wanda ba ya ajiye gawar komai. Ƙwaron da ake kira tirilobayit ya faɗa ne tsakanin waɗannan biyu: dutsen Omdurman ya zo bayan ƙwaron ya riga ya ƙare, na Sabaloka kuwa ba ma'ajiya ba ne. Mutumin Alsahafa ko zai haƙa har ya gaji, ba zai gan shi ba.

Sawunsa dai yana cikin ƙasar Sudan. Can kusurwar arewa maso yamma, wajen Jabal Uwainat inda Sudan da Masar da Libiya suka haɗa iyaka, akwai faifan dutse masu ɗauke da wasu kwari biyu a jere, da ƙananan karce-karce a kowane gefe. Masana na kiran wannan sawu Kuruziyana. Alamar ƙafafun ƙwaron ce lokacin da yake tonon taɓon gindin teku yana neman abinci. An ga irinsa a Libiya, da Ennedi ta Chadi, har da yankin Kandi a arewacin Benin, daf da ƙasar Kebbi. Hausawa na cewa sawun giwa ya taka na raƙumi. A nan an yi akasi: ƙwaron da bai kai tafin hannu ba ya bar sawun da ya girmi giwa da raƙumi da duk wani mai ƙafa huɗu.

Ɗan teku ne, bai taɓa zama a kogi ko tudu ba. Danginsa na nesa su ne kunama, gizo-gizo, ƙaguwa da fara, wato masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Jikinsa kashi uku ne ta kowace fuska. Daga gaba zuwa baya akwai kai, da gadon baya mai gaɓoɓi, da wutsiya. Daga hagu zuwa dama kuma akwai tudu a tsakiya da fiffike a kowane gefe. Ya bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ya ɓace shekara miliyan 252 da suka wuce. Wato ya yi zamani na wajen shekara miliyan 270, kuma nau'o'insa da aka rubuta sun haura 20,000. Akwai wanda bai wuce milimita 2 ba, akwai kuma Isotelus rex da aka tono a Manitoba ta Kanada, mai tsawon santimita 72. Tunda ɓawo ba ya girma, dole ya riƙa saɓa: kai ya tsage ta wasu layuka da ke gefen ido, ya sulale ya fita, ya bar tsohuwar riga. Yawancin abin da ake tsinta a dutse saɓa ce, ba gawa ba, shi ya sa ake yawan samun wutsiya ita kaɗai ko kai babu kumatu.

Idan aka bar ni in zaɓi abu guda a jikinsa, ido zan zaɓa. Idonmu nama ne da ruwa, yana cikin abin da ke fara ruɓewa. Na tirilobayit kuwa da kalsayit aka gina shi, wato ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa, irin wanda kamfanin siminti ke haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. Tun yana raye da dutse yake kallon duniya, saboda haka mutuwa ba ta sauya komai ba. A wasu nau'o'in, ido ɗaya na ɗauke da dubban ƙananan gilasai manne da juna. A dangin Fakobs gilasan ba su da yawa amma manya ne, kowanne da ɗakinsa, jere reras, mutum na iya ƙirga su ba tare da madubi ba. A 2003 Richard Fortey na gidan tarihin halittu na Landan da abokin aikinsa Brian Chatterton suka bayyana wani ɗan Maroko mai suna Erbenochile, wanda idanunsa suka miƙe sama kamar hasumiya, har da 'yar rumfa a bisa kowane ido don tare hasken da ke saukowa. Daga wannan rumfa aka gane cewa da rana yake harkokinsa, don mai yawon dare ba ya bukatar inuwa. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima; wannan kuwa har lokacin fitar mai shi ya faɗa.

Maroko ita ce gidan wannan ƙwaro a nahiyarmu, musamman kudu maso gabashinta: Alnif, Erfud, Risani, Zagora, da tsaunin Isumur. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan hanya. Kusa da Risani ne kufan Sijilmasa yake, birnin da ayarin gishiri da zinariya ke tashi, inda Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352. Fatun jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa sun bi ta arewa har Turawa suka laƙaba musu sunan Maroko. Yau kayan da ke fita daga wannan yanki duwatsu ne, ana kai su kasuwar baje koli ta Tucson a Amurka, da Munich a Jamus.

Abin da ya sa masu tarawa ke maƙale wa yanki ɗaya shi ne, a Maroko kusan dukan tarihin ƙwaron na nan a shimfiɗe, hawa bisa hawa. A ƙasa can akwai manyan dangin Paradoksides na farkon zamani, masu faɗi, masu dogayen ƙayoyi a kumatu, wasu sun haura santimita 30. A tsakiya akwai ƙananan Kalimin masu launin ƙasa, waɗanda ake sayarwa tuli-tuli da araha. Sai zamanin Debon, wajen shekara miliyan 390 baya, lokacin da kifaye masu muƙamuƙi suka yawaita a teku. A nan ne ƙwaron ya shiga ɗamara. Wani ya fitar da ƙaya a kowace gaɓa. Dicranurus ya tsiro ƙahoni biyu a ƙeya da suka lanƙwashe irin na rago. Harpes ya yi wa kansa faffadan baki zagaye da kai mai cike da ƙananan huji. Mutum ya jera goma daga tsauni guda a kan tabarma, zai rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Wanda ya fi ba masana ciwon kai shi ne Walliserops, daga yankin Fum Zigid, wanda aka bayyana a 2001. Daga goshinsa wani mashi ya miƙe gaba, ya rabu baki uku, kuma tsawonsa ya kusa na jikin. An yi ta hasashe: na tono ne, ko na tsaro, ko na jin motsi. A 2023 Alan Gishlick da Fortey suka duba wani guda da aka halitta da baki huɗu maimakon uku, kuma ya girma lafiya lau. Suka ce da mashin na cin abinci ne, da wannan naƙasa ta kashe shi tun yana ƙarami. Abin da ya fi kama hankali shi ne makamin kokawa ne tsakanin maza, a cusa a ƙarƙashin abokin karawa a kifar da shi. An ce kunkuru na son dambe ba shi da yatsa. Wannan yana da yatsu uku, kuma da alama ya yi amfani da su.

Amma dabarar da ta fi daɗewa a gidansu ba faɗa ba ce, dunƙulewa ce irin ta bushiya. Da ya ji barazana sai ya naɗe, wutsiya ta haɗu da haɓa, ƙafafu da ciki su shige ciki. A wasu nau'o'in har da 'yan ramuka da haƙora a gefen kai da wutsiya da ke shiga juna su kulle. Da yawa an same su a haka, a dunƙule, laka ta rufto musu kafin su buɗe.

Akwai kuma na kusa da Zagora da ake kira Ampyx, makaho ne, ba shi da ido ko ɗaya, sai dogon tsinke a goshi da biyu masu jan baya. A 2019 Jean Vannier na Liyon da abokan aikinsa suka ba da labarin faifan dutse masu shekara miliyan 480, inda waɗannan makafi ke jere a layi, har 22 a wani layin, duk sun fuskanci gaba ɗaya, kowa na taɓa na gabansa da tsinke. Ruwa ba ya jera gawa haka. Tafiya suke yi tare lokacin da ajali ya riske su. Jikokin alhazan da suka tako daga Kano ta Borno da Wadai da Darfur har Omdurman, da mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ba sai an yi musu bayanin abin da ake nufi da ayari ba.

Mutane sun daɗe suna tsintar abin mamaki a ƙasa suna ba shi labari. Manomi a ƙasar Hausa in ya tono gogaggen gatarin dutse na mutanen dā, sai ya ce gatarin aradu ne, ya adana. Haka tirilobayit ya sha fassara. A wani kogo a Arsi-sur-Kur ta Faransa an sami guda da aka huda don ratayawa tun zamanin amfani da makaman dutse. 'Yan ƙabilar Ute a Amurka sun riƙa rataya shi a wuya a matsayin laya. Masu fasa dutse a garin Dudley na Ingila sun ce fara ce, garin kuma ya sa shi a tambarinsa. A 1698 Edward Lhwyd ya zana guda a Wales ya ce ƙashin wani kifi ne mai faɗi. Tun kafin Lhwyd, Ibn Sina ya rubuta yadda dabba ke komawa dutse, Albiruni kuma ya ce akwai tudun da dā teku ne. Hamadarmu ta shaida haka, har ta ƙara: wajen shekara miliyan 445 baya, ƙanƙara ce ta lulluɓe inda Sahara take, kuma kartar da ta yi wa duwatsu na nan a Aljeriya da Libiya da Jado ta Nijar. Wannan sanyi ya hallaka dangogin ƙwaron da dama. Ƙarshen Debon ya bar reshe guda tak, shi ma ya tafi lokacin da duwatsun Saiberiya suka yi aman wuta.

Yadda yake isa hannun mai saye aiki ne na wahala. Mahaƙa na bin shimfiɗa guda a jikin tsauni da diga da guduma, ramin na tafiya kilomita da kilomita. Ba ƙwaro suke gani ba. Suna fasa dutse ne su duba wani siririn baƙin layi a wurin da ya tsage. Daga lanƙwasar layin gwani ke sanin wane ne a ciki da inda kansa ya dosa. Sai a manne dutsen da gam, a kai wa mai gyara, shi kuma ya yi ta sassaƙa da allura da ɗan injin iska har ƙaya ɗaya-ɗaya ta tsaya a sarari. Mai ƙaya da yawa kan ci makonni. Kaso mafi tsoka na kuɗin ba ya tsayawa a Alnif, kuma sunan mahaƙi ba kasafai yake shiga takarda ba. Mohamed Ben Moula, wanda ya gano wuraren da suka yi suna kusa da Zagora, yana cikin 'yan kaɗan da aka tuna da su: a 2015 an sa sunansa ga wata dabbar teku mai tsawon kusan mita 2.

Inda kuɗi ya shiga, jabu na biye. Ana zuba roba a mazubi, a shafa baƙi, a manna a kan dutse na gaske. Ana kuma ɗauko kan wani a haɗa da wutsiyar wani. Kama da wane ba wane ba ne. Masu sani na neman ƙananan ramukan kumfa a jiki, suna ɗora allura mai zafi su ji ko zai yi ƙauri, sannan su duba ido, don jera gilasai ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin mai gaggawa. Layin tsaga da ya ratsa dutse da ƙwaron tare ba aibi ba ne, sau da yawa shi ne shaidar gaskiya. A ganina, dunƙulallen Fakobs mai araha da aka rubuta tsaunin da ya fito da shimfiɗar da aka same shi ya fi mai ƙaya hamsin da ba a san asalinsa ba, domin da wannan 'yar takarda ce ake sanin wa ya riga wa, wa ya zauna da wa.

Tsaunukan kuma ba su gama bayarwa ba. A 2024 tawagar Abderrazak El Albani na Jami'ar Puwatiye ta bayyana wasu daga tsaunukan Atlas masu shekara miliyan 515, waɗanda tokar aman wuta ta binne nan take a ruwa mara zurfi. Da aka haska su da na'ura, sai ga ƙafafu da gashin jikinsu, da hanji, da sassan baki waɗanda fiye da shekara 300 ana nazarin ƙwaron ba a taɓa ganinsu a fili haka ba.