Murza alminiyum

Murza alminiyum aiki ne na masana'antu, inda ake tura curin alminiyum tsakanin manyan rola biyu masu juyawa har ya baje. Ana fara murza shi da zafi, kusan digiri 500, sannan a maimaita bayan ya huce domin ya ƙara ƙarfi da sulɓi. Wanda kaurinsa ya haura milimita 6 shi ne faranti, wanda bai kai ba kuwa falle.

A Najeriya, kamfanin Tower Aluminium na murzawa a Ota, jihar Ogun. A garuruwan arewa irin su Illela, magina kan duba kaurin kwanon rufi, domin marar kauri ba ya jure iskar farkon damina.